Jarabar intanet a tsakanin ɗaliban jami'a: ma'anarta da yadda ake gane ta

Jarabar intanet hali ne da mutum ke kasa sarrafa yadda yake amfani da intanet, har abin ya shiga cin barcinsa da karatunsa da zumuncinsa, yana ganin ɓarnar amma ya kasa dainawa. Yawan sa'o'i kaɗai ba ya tabbatar da ita. Ɗalibin da ya yini gaban kwamfuta yana haɗa kundin bincikensa aiki yake yi.

Wani likitan ƙwaƙwalwa a birnin New York, Ivan Goldberg, shi ya ƙirƙiro sunan a 1995, da sigar raha ma. Wadda ta ɗauki batun da gaske ita ce Kimberly Young, masaniyar halayyar ɗan Adam a Amurka, wadda a 1998 ta fitar da ma'auni mai tambayoyi 20 da har yau ake jarraba ɗalibai da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ba ta saka jarabar intanet ɗungurungum cikin jerin cututtuka ba. Jarabar wasannin bidiyo ta amince da ita a 2019, a kundin da ya fara aiki a 2022, bisa sharaɗin matsalar ta ɗauki kimanin wata 12 tana lalata al'amuran mutum.

Ɗalibin jami'a ya fi kusa da wannan rami. Ya bar idon iyaye, waya na hannunsa dare da rana, karatun kansa ma ta cikinta yake bi. A Najeriya ga kuma garaɓasar datar dare, wadda arhar tata barci ne ke biyan kuɗinta.

Masu bincike kan auna ingancin rayuwa da ma'aunin hukumar mai tambayoyi 26, wanda ke duba lafiyar jiki, kwanciyar hankali, hulɗa da jama'a da muhalli. Abin da ake yawan samu shi ne, inda jarabar ta yi ƙarfi, makin waɗannan fannoni yakan sauka.

Ɓangaren da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi shi ne na sanin abin da ke cikin zuciya. Akwai mutanen da ba sa iya bambance fushi da tsoro, ko kaɗaici da gajiya. Ka tambaye su damuwarsu, sai su ce "ba komai", kuma ba ɓoyewa suke yi ba, sunan abin ne ba su da shi. Likita Peter Sifneos ya raɗa wa wannan hali suna "alexithymia" a farkon shekarun 1970. Nazarce-nazarcen da aka yi kan ɗaliban jami'a, ciki har da na Turkiyya, sun nuna masu wannan hali sun fi faɗawa jarabar intanet. Dalilin ba boyayye ba ne: wanda ƙirjinsa ya yi nauyi bai san me ya sa ba, waya ce mafi kusa da za ta ɗauke masa hankali. Nauyin yana nan idan ya ajiye ta, sai ya sake ɗauka.

Shi ya sa ƙwace waya ko yanke kuɗin data, matakin da iyaye suka fi saurin ɗauka, ba kasafai yake kai wa ga tushen matsalar ba. Masu ba da shawara sun fi karkata ga zaman tattaunawa da ke koya wa ɗalibi gane abin da ya ji daf da ya miƙa hannu ga wayar, tare da tsara masa lokutan hawa intanet maimakon hana shi gaba ɗaya.