Bakolori: Madatsar da Ta Zama Darasi a Jami'o'in Duniya

Wanda ya tashi daga Talata Mafara ya nufi Maradun zai ci karo da katangar ƙasa da kankare mai tsawon kilomita 5.5 da aka gitta wa kogin Sakkwato. Bayanta ruwa ne shimfiɗe iya ganin ido, tafkin da aka gina don ya ɗauki ruwa mita miliyan 450 na awon kubik, ya kuma mamaye hekta kusan 8,000. Ƙarƙashin wannan ruwa akwai gonaki da kangaye da kusheyin kakannin mutanen Maradun. Yaran da ke kamun kifi a bakinsa yau ba su san cewa sunan wurin yana cikin littattafan da ake karantarwa a Zariya da Kambirij da ƙasar Suwidin ba.

Tun farko da rahoton masana aka soma. A 1969 Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta kammala nazarin kwarin Sakkwato da Rima, ta ba da shawarar a tafi a hankali, a yi madatsu matsakaita, a ga yadda manoma za su karɓa. Sai ga kuɗin man fetur sun kwararo, ga kuma farin farkon shekarun 1970 ya girgiza Arewa. Gwamnatin soja ta ga ba lokacin tafiyar hawainiya ba ne. Aka bai wa kamfanin Impresit na ƙasar Italiya, wanda reshen Fiat ne, aikin, aka fara gini a 1974, aka gama madatsar a 1978. Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ce mai kula da shi. Burin shi ne a shayar da hekta kusan 23,000 a ƙasashen Mafara da Bakura da Maradun, a noma alkama da shinkafa rani da damina.

A takarda abin ya yi kyau. A gona kuwa labarin daban ne.

Manomin wannan yanki bai san gonarsa da lamba ko taswira ba. Ya san ta da ɗorawar da kakansa ya bari, da tsamiyar da ke kan iyaka, da jerin gamba da ya raba shi da maƙwabci. Da katafila ta shigo don daidaita ƙasa yadda ruwa zai gudana, sai ta tuge itatuwan, ta share iyakokin, ta kankare ƙasar sama mai taki wadda aka yi shekara da shekaru ana zuba mata toka da kashin dabbobi. Mutum ya tsaya a tsakiyar fili fetal ya rasa inda gadonsa ya fara da inda ya ƙare. Wasu an hana su shuka damina bayan damina ana jiran 'yan kwangila su gama. Wasu da aka zo rabon filaye sai aka ba su abin da bai kai nasu ba, ko aka ba wani nasu. Waɗanda ruwa ya tasa kuma aka kai su sabon matsuguni a tudu, nesa da fadamar da ta rayar da su. Diyya ta zama abin jira, ana ta gobe, ana ta jibi.

Haƙuri ya ƙare a ƙarshen 1979 da farkon 1980. Manoma suka datse hanyoyin aikin, suka hana motocin kamfani wucewa, suka ce sai an biya su. Ranar 28 ga Afrilu 1980, a zamanin Gwamna Shehu Kangiwa na tsohuwar Jihar Sakkwato da Shugaba Shehu Shagari, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka afka wa Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye. An harbi mutane, an ƙona gidaje. Hukuma ta faɗi adadin mamata da bai wuce 'yan gomomi ba. Waɗanda suka bi diddigin lamarin sun kawo 386, kuma wannan adadi ne ya fi yawo a rubuce-rubuce har yau.

A nan ne malaman jami'a suka shigo, kuma dole a yaba musu. Ba don su ba, da abin da ya faru ya tsaya a bakin tsofaffi kaɗai, ya tafi tare da su. Jami'ar Ahmadu Bello ta wancan lokaci tukunya ce mai tafasa da muhawara. Dokta Yusufu Bala Usman na sashen tarihi yana cikin waɗanda suka ƙi bari a binne maganar. Okello Oculi, ɗan Yuganda mai koyar da kimiyyar siyasa a Zariya, ya yi rubutu kan yadda kamfanonin ƙetare suka kutsa cikin noman Nijeriya. Björn Beckman, ɗan Suwidin da ya yi shekaru yana koyarwa a jami'ar, ya rubuta maƙala sukutum kan Bakolori, ya nuna rikicin a matsayin karo tsakanin talaka manomi da gwamnati da masu jari. A 1985 shi da Gunilla Andrae suka fitar da littafin The Wheat Trap, wato tarkon alkama, inda suka warware wani ƙulli mai ban takaici: an saba wa mutanen birni da burodi na alkamar Amurka, sannan aka zo ana kashe maƙudan kuɗi a Bakolori da Kadawa da gefen tafkin Chadi don a noma alkamar a ƙasar da ba ta fi dacewa da ita ba. Wanda ke son fahimtar hulɗar Nijeriya da ƙasashen waje a shekarun arzikin fetur zai koyi abu mai yawa daga wannan kwangila guda: masu tsarawa daga waje, masu gini daga waje, injuna daga waje, asara kuwa a gida.

Amma binciken da ya fi taɓa zuciya na wani Bature ne ɗan Ingila, William Adams na Jami'ar Kambirij. Yayin da kowa ya zuba ido kan filin aikin, shi sai ya gangara ƙasa da madatsar, zuwa ƙauyukan fadama da ba su cikin lissafin kowa. Tambayarsa mai sauƙi ce: idan an tare ruwa a sama, me zai sami wanda ke ƙasa? Duk shekara ambaliya ce ke jiƙa fadama, ta bar laka mai albarka, ta cika tafkuna da kifi, ta ɗaga ruwan ƙasa yadda mai jigo zai yi noman rani da 'yar gajeriyar rijiya. Da madatsar ta rage ambaliyar, sai shinkafa ta ja baya, manoma suka koma gero da dawa masu ƙarancin riba, lambuna suka ragu, masunta da dama suka naɗe komarsu suka nufi wasu koguna. Sakamakon da ya buga a 1985 ya nuna an yi asarar dubban hektoci na shinkafa da amfanin rani a fadamar. Daga baya ya faɗaɗa maganar a littafinsa Wasting the Rain na 1992. Abin da Adams ya auna da alƙaluma, duk wani tsohon manomi a Bakura zai iya faɗinsa a zaune bisa tabarma tun kafin a kafa tubalin farko, da an tambaye shi.

Fasahar da aka shigo da ita ma ba ta jure ba. Kashi mafi girma na filin an tsara shi ne da ban ruwa na feshi, bututu da famfuna masu cin lantarki. Da wuta ta yi ƙaranci, kayan gyara suka gagara, sai feshin ya mutu murus. Zuwa farkon shekarun 2000 abin da ake shayarwa bai wuce hekta 7,500 ba, galibi ɓangaren da ruwa ke gangarowa da kansa ta kanal.

Masana lafiya su ma sun sami abin nazari. Ruwan kanal mai tafiya a hankali, da ciyawa a gefensa, gida ne ga dodon koɗin da ke ɗauke da ƙwayar tsargiya. Yaro ya yi wanka da rana, bayan 'yan watanni ya ga jini a ƙarshen fitsarinsa, iyaye su ɗauka alamar girma ce. Kwantaccen ruwa kuma ya ba sauro wurin haihuwa har cikin rani, lokacin da a da ake samun sauƙin zazzaɓi.

A 2014 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 495 don shirin TRIMING na gyara manyan ayyukan ban ruwa a Arewa, Bakolori na cikin na gaba-gaba. Wannan karon an sa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa cikin tsarin. Sai dai rashin tsaro da ya addabi Zamfara, musamman dazukan Maradun, ya sa zuwa gona kansa ya zama kasada a wasu wurare.

Abin da ke ci wa mai lura tuwo a ƙwarya shi ne, kusan duk wannan ilimi da Turanci yake, a ɗakunan karatu masu nisa. Jikan wanda aka harba a Birnin Tudu da wuya ya taɓa riƙe maƙalar Beckman a hannunsa. Amma yanzu makarantu sun matso kusa. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, mai ɗauke da sunan injiniya ɗan ƙasar, tana Talata Mafara tun zamanin tsohuwar Jihar Sakkwato. Bakura na da kwalejin aikin gona da kiwon dabbobi. A 2018 aka kafa Jami'ar Jihar Zamfara a Mafara. Ɗalibin tarihi a wannan jami'a ba ya buƙatar biza ko tikitin jirgi: da kuɗin babur da wayar ɗaukar murya zai isa ƙauyukan bakin dam kafin azahar, inda waɗanda suke samari a Afrilun 1980 yanzu sun haura sittin, wasunsu na nan zaune a ƙofar gida, suna iya nuna da sanda daidai inda ɗorawar gonarsu take kafin katafila ta zo.