Manuwar da Aka Raɗa wa Sunan Nijeriya: Ƙira da Aikin Jiragen Yaƙi Samfurin Fiji

Gabatarwa

Idan ana zancen rawar da ƙasarmu ta taka a Yaƙin Duniya na Biyu, yawanci hankalinmu kan tafi ne ga sojojin da aka kwasa zuwa Habasha da Bama. Kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa a wannan lokaci akwai wata manuwa, watau jirgin ruwan yaƙi, ta rundunar Ingila, wadda ta yi ta yawo a tekunan duniya ɗauke da sunan Nijeriya. Ita ce ɗaya daga cikin jirage 11 da aka ƙera bisa fasali guda, ake kiran su samfurin Fiji, aka kuma raɗa musu sunayen ƙasashen da Ingila ke mulka. A wannan maƙala za mu duba yadda wata yarjejeniya ta takarda ta yanke wa waɗannan jirage girmansu tun kafin a narka ƙarfensu, da kuma abin da wannan matsi ya haifar sa'ad da suka shiga fagen fama.

Yarjejeniyar da ta Yanka Jirgi

Irin wannan jirgi Turawa ke kira kuruza. Bai kai manyan jiragen daga girma da sulke ba, amma ya fi su gudu, kuma yana iya yin doguwar tafiya shi kaɗai. Aikinsa shi ne sintiri da rakiyar ayarin jiragen fatauci da farautar jiragen abokan gaba da ke tare hanya. Ƙasa irin Ingila, wadda abincinta da man feturinta da albarkatun masana'antunta duk ta teku suke zuwa, ta fi bukatar yawan irin waɗannan jirage a kan girmansu.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, manyan ƙasashe sun yi ƙoƙarin rage gasar ƙera makamai. Yarjejeniyar Washington ta 1922 ta ƙayyade cewa kada kuruza ya wuce tan 10,000. Ta Landan ta 1930 kuwa ta raba su gida biyu bisa faɗin bakin igwa: masu igwar da ta wuce inci 6.1 su ne manya, masu wadda ba ta wuce haka ba su ne ƙanana. Sa'an nan a watan Maris na 1936 Ingila da Amurka da Faransa suka sa hannu a kan wata sabuwar yarjejeniya a Landan, wadda ta sauko da nauyin ƙaramin kuruza zuwa tan 8,000. Japan ta fice daga taron. Ingila ce ta fi kowa son wannan ragi, domin da kuɗin da za a ƙera manya kaɗan ana iya samun ƙanana da dama.

A nan ne matsala ta taso wa masu zana jiragen. Samfurin da ya gabaci wannan, wanda aka raɗa wa sunayen biranen Ingila, nauyinsa ya zarce tan 9,000, yana kuma ɗauke da igwa 12 masu inci 6. Japan da Amurka kuwa sun riga sun ƙera masu igwa 15. Saboda haka hafsoshin ruwa ba su yarda a rage ko igwa guda ba. Aka ce a ɗora igwa 12 ɗin nan a kan gangar jiki da ta fi ta da ƙanƙanta da tan dubu ko fiye.

Fasalin Jiragen

Masu zanen sun rage tsawon jirgin zuwa kimanin ƙafa 555, suka datse bayansa a miƙe maimakon ya tafi da tsini kamar yadda aka saba. Suka matse ɗakunan injuna, suka taƙaita sulken gefe ya tsaya ga wuraren da suka fi haɗari, watau ma'ajiyar harsasai da injuna, kaurinsa bai wuce inci uku da rabi ba. Aka jera igwa uku uku a cikin hasumiyoyi huɗu masu juyawa, biyu a gaba biyu a baya. Akwai kuma igwa takwas masu inci 4 don harbin jiragen sama, da bututun harba nakiyar ruwa guda shida, da ƙananan jiragen sama biyu na leƙen asiri masu sauka a kan ruwa. Tukwanen tururi huɗu ke juya farfela huɗu, har jirgin ya yi gudun kusan kilomita 60 a sa'a.

Duk da wannan dabara, da aka kammala su sai da nauyinsu ya kai kimanin tan 8,500. Kafin nan yaƙi ya riga ya ɓarke, ba wanda ya sake waiwayar yarjejeniya. Sai dai girman da aka yanka ya riga ya zauna, babu sarari ko rarar nauyi da aka bari don abin da gobe za ta zo da shi. Wurin kwanan da aka tanadar wa mutum ɗari bakwai da 'yan kai sai ga shi yana ɗaukar sama da ɗari tara.

A Fagen Fama

Abokin gabar da aka ƙera su dominsa shi ne jirgin ruwa mai igwa. Amma jirage biyu da aka rasa daga cikin samfurin, jirgin sama ne ya yi ajalinsu. A ranar 22 ga Mayu 1941 jiragen saman Jamus suka nutsar da Fiji kusa da tsibirin Crete, bayan harsasanta na kare kai sun kusa ƙarewa ƙaf. Trinidad kuwa a watan Maris na 1942 nakiyar da ta harba ce ta kewayo ta same ta a tekun arewacin Norway. Aka yi mata ɗan gyara a Murmansk, amma a hanyar komawa gida cikin watan Mayu bama-bamai suka cinna mata wutar da ta gagari kashewa, dole 'yan rakiyarta suka ƙarasa nutsar da ita.

Masu iya magana kan ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Bukata ta koma ga na'urar hango jirage daga nesa da tarin ƙananan bindigogin kakkaɓo jiragen sama, alhali babu inda za a ɗora su ba tare da jirgin ya yi nauyi ta sama ba. Shi ya sa jirage uku na ƙarshe, watau Silon da Uganda da Newfoundland, aka kammala su da hasumiyoyi uku kawai. Daga baya aka cire hasumiya guda daga mafi yawan na farkon, aka kuma sauke jiragen leƙen asirin. Igwa ukun nan da aka matse kome da kome don a samar musu wuri, su aka fara sadaukarwa.

Ba za mu ce ƙirar ta gaza ba. Jamaika tana cikin jiragen da suka nutsar da babban jirgin Jamus Scharnhorst a ranar 26 ga Disamba 1943. Uganda ta sha bam mai linzami a gaɓar Salerno a watan Satumba na 1943, ta kuma rayu. Jiragen sun nuna suna iya shan duka su koma gida.

Tafiye-tafiyen Nijeriya

An fara ƙera Nijeriya a 1938 a bakin kogin Tyne da ke arewacin Ingila, aka tura ta ruwa a Yuli 1939, ta fara aiki a Satumba 1940. A ƙarshen Yuni 1941 ta jagoranci jiragen da suka kama Lauenburg, wani jirgin Jamus mai auna yanayi, kusa da tsibirin Jan Mayen. Takardun sirri da aka kwaso daga cikinsa sun taimaka wa masana a Bletchley Park wajen karanta saƙonnin rundunar ruwan Jamus. A watan Agusta ta ɗauki tutar Admiral Philip Vian zuwa Spitsbergen, inda aka kwashe mazauna aka lalata ma'adinan kwal. A farkon Satumba ta shiga artabun da aka nutsar da jirgin Jamus Bremse, ita ma goshinta ya ragargaje.

Ranarta mafi muni ita ce 12 ga Agusta 1942, sa'ad da take rakiyar ayarin jirage 14 masu kai agaji tsibirin Malta da aka yi wa ƙawanya. Jirgin ƙarƙashin teku na Italiya mai suna Axum ya saki nakiyoyinsa, suka sami Nijeriya da Cairo da tankar mai Ohio a lokaci guda. Mutum 52 suka mutu a cikin Nijeriya, ta lallaɓa ta koma Jibralta. Cairo kuwa ta nutse. Su biyun nan ne ke ɗauke da na'urorin jagorantar jiragen saman da ke kare ayarin, saboda haka rashinsu ya bar ayarin cikin tsaka mai wuya. Jirage biyar kaɗai suka isa Malta.

Bayan gyara a Charleston ta Amurka, aka tura ta tekun Indiya a 1944. A Janairu 1945 tana cikin jiragen da suka sauke sojoji a tsibirin Cheduba a gaɓar Bama. A daidai wannan lokaci runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda akwai 'yan Nijeriya da yawa a cikinsu, suna fafatawa da Japanawa a dazuzzukan Arakan. Mai sunan tana kan ruwa, masu ƙasar suna kan tudu, a fage guda.

Kammalawa

An ƙera waɗannan jirage ne don tsare hanyoyin daular Ingila, amma daular ta soma watsewa su suna da sauran ƙarfi. A 1959 aka sayar wa Peru da Silon da Newfoundland. Nijeriya kuwa Indiya ce ta saye ta, ta fara aiki da sunan Mysore a 1957. A Disamba 1961 igwoginta suka taimaka wajen ƙwace yankin Goa daga hannun Turawan Fotugal, watau jirgin da aka raɗa wa sunan ƙasar da ake mulka ya taya kawar da mulkin mallaka a wani wuri. Ta jagoranci rundunar yammacin Indiya a yaƙin 1971 da Pakistan, ba a sallame ta ba sai 1985, shekara 45 bayan ta fara aiki.

Abin lura a tarihin samfurin Fiji shi ne, waɗanda suka zana shi sun cika kowane lungu da makamin yaƙin da suke tsammani, ba su bar wa yaƙin da ya zo wuri ba, sai da aka yi ta cire wannan ana ɗora wancan ana tsakiyar fama. Sunan kuwa ya dawo hannun masu shi a 1965, sa'ad da rundunar ruwan ƙasarmu ta karɓi wani sabon jirgi da aka ƙera a Holan, ta kira shi Nijeriya.