Fenti ko leda: Yadda masu tseren mota don sha'awa ke suturta motocinsu

A Amurka da Turai akwai dubban mutane da ke shiga tseren mota ba don neman abinci ba, sai don sha'awa. Wani malamin makaranta ne, wani bakanike, wani ma'aikacin ofis. Ya sayi tsohuwar mota, ya gyara ta a gidansa, ƙarshen mako ya kai ta filin tsere. Ƙungiyar SCCA ta Amurka, wadda aka kafa a 1944, ta daɗe tana shirya musu gasa. Akwai kuma gasar 24 Hours of LeMons da aka fara a jihar Kalifoniya a 2006, wadda ta shardanta kada kuɗin mota ya wuce dala 500, ban da kayan kare lafiya. Duk wanda ya haɗa irin wannan mota, akwai tambayar da ke jiransa a ƙarshe: fenti zai fesa mata, ko leda zai manna?

Launin motar tsere yana da tarihi. A farkon ƙarni na 20 ƙasa ake gane wa da launi: Faransa shuɗi, Birtaniya kore, Italiya ja, Jamus fari, daga baya ruwan azurfa. Ana ba da labarin cewa a 1934 ma'aikatan Mercedes sun kankare farin fentin motarsu don ta sauko ƙasa da kilo 750 da doka ta ƙayyade, ko da yake masana tarihi da dama na shakkar labarin. A 1968 ne kamfanin Lotus ya fito gasar Formula One da launin tabar Gold Leaf, daga nan jikin mota ya zama allon talla.

Ledar da ake magana a kai ita ce irin wadda ake gani a jikin motocin kamfanoni da na 'yan siyasa lokacin yaƙin neman zaɓe. Da robar PVC ake yin ta, kaurinta kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita, bayanta kuma da gam. Kamfanonin 3M da Avery Dennison da Orafol na cikin manyan masu yin ta, kuma yawanci ana sayar da ita a naɗe mai faɗin santimita 152, yadda falle ɗaya zai rufe bonet ba tare da haɗi ba. Iri biyu ce. Akwai wadda ake zuba robar tana ruwa-ruwa a bar ta ta daskare. Wannan ta fi tsada, ta fi bin lungu da lanƙwasa, ba ta cika tsukewa ba. Akwai kuma wadda ake matse robar tsakanin manyan ƙarafa har ta yi siriri. Ta fi araha, amma idan ta sha rana takan nemi komawa yadda take, sai bakinta ya ja baya ya bar layin gam mai kama ƙura. Wannan ta biyun ta wadatar wajen lambobi da sunayen masu tallafi, amma rufe bamba da ita asarar kuɗi ce.

Aikin manna leda, rabinsa wanki ne. Ana cire abin da zai ciru, kamar fitilu da madubai da mariƙin ƙofa, a wanke mota, a goge ta da sinadarin barasa na isopropyl don ya kwashe maiƙo da man ƙyalli. Leda ba ta ɓoye aibi. Ƙwayar yashi ɗaya ko ɓawon tsatsa sai ya fito fili a ƙarƙashinta, shi ya sa tilas a cike lotsewa a goge da sanfefa tukuna. Daga nan sai mutum biyu su ɗora fallen, a riƙa shafewa da faifan roba daga tsakiya zuwa gefe. Gam ɗin ledar zamani yana da ƙananan hanyoyi da iska ke bi ta fita, abin da ya sa wanda ba gwani ba ma zai iya aikin. A wurin lanƙwasa ana hura mata iska mai zafi ta yi laushi, a ja ta kaɗan. Kuskuren da sababbin hannu suka fi yi shi ne tsayawa a nan. Duk inda aka ja leda, sai an sake gasa ta zuwa kusan digiri 90 a ma'aunin Salshiyos kafin ta zauna a sabuwar siffarta. In ba haka ba, ranar farko da ta sha rana a filin tsere za ta ɗago, iska ta shiga ƙarƙashinta ta yage ta.

Fenti kuwa ya fi ƙarko, ya fi jure fetur da zafi, amma ya fi neman kayan aiki da wuri mai tsabta. Ana goge tsohon fenti, a fesa faraima, a sake gogewa, sannan launi, sannan ruwan ƙyalli idan ana so. Masu tsere da yawa sun fi son fentin da ke haɗa launi da ƙyalli a fesawa ɗaya, saboda sauƙin faci. Akwai haɗari a nan da bai kamata a raina ba: fentin mota da ake gauraya shi da sinadarin taurarawa yakan ƙunshi isocyanate, wanda ke haddasa cutar asma, kuma takunkumin ƙura na yau da kullum ba ya tare shi. Wasu kan kauce wa fesawa baki ɗaya, su shafa fentin ƙarfe da rola, su ce ai daga nesa duk ɗaya ne.

Abin da ke raba gardama shi ne halin tseren kansa. Motar tsere ba ta zama lafiya: tsakuwa na feshin gabanta, gutsattsarin taya na barin baƙin tabo, abokan hamayya na gogar ƙofofinta. Mai leda yakan ɓare fallen da ya lalace ya manna sabo cikin sa'a guda ko biyu, launi bai saɓa ba, muddin ya ajiye ragowar naɗin. Mai fenti sai ya nemo launin da ya dace, ya jira bushewa. Amma kusa da salansa da wuraren da ke ɗaukar zafi leda kan ƙone, kuma fetur da ke zuba a bakin tanki yana cin gam ɗinta. Batun nauyi, wanda ya sa wasu ƙungiyoyin Formula One suka bar sassan motocinsu ba fenti a 2022 da 2023, bai cika damun ɗan sha'awa ba. Bambancin 'yan kilo ne, kuma ledar da aka ɗora kan tsohon fenti ƙari ce, ba ragi ba.

Don haka yawancinsu kan haɗa biyun. Fenti a ciki, a ɗakin inji da ƙarafan kejin da ke kare direba idan mota ta wuntsila, galibi fari ko ruwan toka mai haske don tsagewar walda ko yoyon mai su fito da wuri. Leda a waje. Sai dai sabon fenti na ci gaba da fitar da tururin sinadari, don haka akan jira kamar wata guda kafin a manna masa leda, gudun kada ta kumbura.

Ado na ƙarshe kuma doka ce ke tsara shi. A dokokin SCCA tsayin lambar mota ba ya gaza inci 8, kuma tilas launinta ya bambanta da na jikin motar yadda masu lura da tsere za su karanta ta tana gudu. A ƙa'idar hukumar FIA, makunnin da ke yanke wutar mota yana ɗauke da alamar jar walƙiya cikin shuɗin alwatika, na'urar kashe gobara kuma jan harafin E cikin farin da'ira, sannan ƙugiyar jan mota ta kasance da launi mai ɗaukar ido. Ma'aikatan ceto da waɗannan alamu suke aiki idan mota ta kama wuta, kuma masu duba motoci kafin tsere suna iya hana motar da ba ta da su shiga fili.