Zamewa daga Alheri zuwa Dogara ga Ayyuka

A koyarwar Littafi Mai Tsarki, alheri shi ne kyautar da Allah yake yi wa mai zunubi ba tare da ya cancanta ba. Ta wurinsa ake samun ceto, ta bangaskiya ga Yesu Almasihu (Afisawa 2:8-9). Amma tun zamanin manzanni masu bi sukan zame daga wannan gaskiya sannu a hankali, har su ɗauka ayyukansu ne ke sa Allah ya karɓe su. Mai zamewa ba safai yakan musanci Almasihu ba. Yakan dai ƙara wani sharaɗi a kan aikin da aka gama a gicciye.

Abin da ya faru a Galatiya

Manzo Bulus ya kafa ikkilisiyoyi a Galatiya, cikin ƙasar Turkiyya ta yau. Bayan tafiyarsa, waɗansu malamai suka zo suna cewa dole Al'ummai su yi kaciya, su kuma kiyaye Shari'ar Musa. Bulus ya kira wannan wata bishara dabam (Galatiyawa 1:6). Ya tambaye su yadda waɗanda suka fara da Ruhu za su nemi kammalawa da ƙoƙarin jiki (3:3). Har Bitrus ma ya yi tuntuɓe a Antakiya: ya daina cin abinci tare da Al'ummai don tsoron masu kaciya, Barnaba ya bi sahunsa, Bulus kuwa ya tsawata masa a gaban jama'a (2:11-14). Taron Urushalima ya yanke cewa ba za a ɗora wa Al'ummai nauyin kaciya ba (Ayyukan Manzanni 15).

Cikin tarihin Ikkilisiya

A farkon ƙarni na 5, Felagiyus, mutumin Birtaniya da ke koyarwa a Roma, ya ce ɗan adam bai gaji zunubin Adamu ba, yana kuma iya yin biyayya ga Allah da ikon nufinsa. Agustin, bishop na Hippo a Aljeriya ta yau, ya amsa cewa ko nufin yin nagarta ma kyautar Allah ne. Majalisar Kartaj ta ƙi koyarwar Felagiyus a shekara ta 418. Batun ya sake tasowa a 1517, sa'ad da Martin Luther ya rubuta batutuwa 95 a Wittenberg ta Jamus, yana ƙalubalantar sayar da takardun yafe horon zunubi.

Dalili da alamu

Zuciyar mutum tana son abin da za ta yi fahariya da shi. Azumi, zakka da zuwa sujada abubuwa ne da ake iya ƙirgawa, ido kuma yana ganinsu, shi ya sa jingina da su yake da sauƙi. Alama ta farko ita ce girman kai, irin na Bafarisiyen da ya lissafa wa Allah azuminsa da zakkarsa, ya rena mai karɓar haraji (Luka 18:9-14). Ta biyu ita ce fargaba: mai bi ya yi kuskure ɗaya, sai ya ga kamar Allah ya juya masa baya. Tushensu ɗaya ne, domin a duka biyun mutum yana auna matsayinsa a gaban Allah da abin da hannunsa ya yi.

Matsayin kyawawan ayyuka

Wannan bai ba kowa izinin zama cikin zunubi ba (Romawa 6:1-2). Alherin da ya cece mu shi ne yake koya mana mu ƙi rashin tsoron Allah (Titus 2:11-12), Yakubu kuma ya ce bangaskiyar da ba ta da ayyuka matacciya ce (Yakubu 2:17). Ayyuka 'ya'yan itace ne, alheri shi ne saiwar. Ɗan'uwa, ka tambayi kanka: ranar da ka kasa, ina kake samun tabbacin cetonka? Idan amsar tana cikin ƙwazonka, ka koma ga gicciye, inda aka riga aka biya bashin duka.