Daga Tuwat Zuwa Kano: Me Ya Sa Kullum Yahudawa Ne a Bakin Duniya?



A makon jiya muhawara ta yi zafi a tsakaninmu bayan wani ɗan uwa ya turo saƙon murya da ke cewa Yahudawa ne suka shirya tsadar rayuwa da faɗuwar naira. Wasu suka gaskata, wasu suka musa, har ta kai ga an fara ɓata wa juna rai. Shi ya sa muka ga ya dace mu leƙa tarihi, ko ma samu abin da zai raba gardama.

Mu fara da abin mamaki. Yahudawan duniya gaba ɗaya ba su wuce miliyan 15 zuwa 16 ba, wato ba su kai kashi ɗaya cikin goma na mutanen Najeriya ba. Yawancinmu a nan Potiskum ba mu taɓa yin ido huɗu da Bayahude ba. Amma sunansu ba ya barin bakinmu, daga teburin mai shayi har kara. Ko mugun ɗan kasuwa muka gani sai mu ce Bayahude ne. Me ya kawo haka?

Dalili na farko addini ne. Labarin Banu Isra'ila ya cika Alƙur'ani, kuma babu annabin da aka ambaci sunansa da yawa kamar Annabi Musa (AS). Kiristoci ma littafinsu ya ɗauko ne daga tarihin wannan al'umma. Saboda haka fiye da rabin mutanen duniya sun san sunan Yahudawa tun suna yara. Dalili na biyu warwatsuwa ce. Bayan Rumawa sun rusa babban wurin ibadarsu a Ƙudus a shekara ta 70 Miladiyya, akasarinsu sun rayu a matsayin 'yan tsiraru a ƙasashen wasu, suna riƙe da addininsu da abincinsu da ranar hutunsu. Kowa ya san su, ga su 'yan kaɗan, ga shi ba su da sarki ko runduna. Irin waɗannan mutane su ne suka fi sauƙin ɗora wa laifi idan gari ya rikice.

Wannan labari ya taɓo ƙasar Hausa ta hannun malamin da duk muka sani, Shehu Muhammad bin Abdulkarim al-Maghili, mutumin Tilimsan. Kafin ya zo Kano ya zauna a Tuwat, wani yanki na dausayi a kudancin Aljeriya ta yau, inda ayarin fatake ke yada zango a hanyarsu ta ƙetare Sahara. A garin Tamantit na wannan yanki akwai Yahudawa da suka daɗe da zama. Wani ɗan kasuwa daga Italiya, Antonio Malfante, ya rubuto wasiƙa daga can a 1447, ya ce Yahudawa suna da yawa, suna zaune lafiya ƙarƙashin kariyar manyan gari, kuma ciniki ta hannunsu yake bi.

Al-Maghili bai ji daɗin wannan hali ba. A ganinsa Yahudawan sun karya sharuɗɗan amanar da Musulunci ya ba su, sun yi kusa da masu mulki fiye da kima, don haka a rusa wurin ibadarsu. Alƙalin Tuwat, Abdullahi al-Asnuni, bai yarda ba. Ya ce mutanen amana ne, kuma wurin ibadar ya daɗe a tsaye, a bar musu abinsu. Aka aika wa malaman Fas da Tilimsan da Tunis tambaya, kansu ya rabu, wasu suka goyi bayan alƙali, wasu irin su al-Tanasi suka goyi bayan al-Maghili. Amsoshinsu suna nan a cikin littafin fatawowi na al-Wansharisi mai suna al-Mi'iyar. A ƙarshe, a wajajen 1490, mabiyan al-Maghili suka rusa wurin ibadar, aka kashe wasu Yahudawa, saura suka watse.

Daga nan ya yo kudu ta Ayar, ya iso Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), ya rubuta masa shahararriyar nasihar nan kan abin da ya wajaba a kan sarakuna. Ya je Katsina, sannan ya wuce Gao wurin Askiya Muhammad. Yana can labari ya iso masa cewa an kashe ɗansa a Tuwat. Sai ya nemi Askiya ya kama duk mutanen Tuwat da ke Gao, aka kuwa kama su. Alƙalin Tumbuktu, Mahmud bin Umar, shi ya sa baki ya ce waɗannan fatake ba su da hannu a kisan, aka sake su. Duk da haka Askiya ya hana Yahudawa shiga ƙasarsa, kuma matafiyin nan Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya rubuta cewa har dukiyar ɗan kasuwar da ya yi hulɗa da su ake ƙwacewa.

Ba mu kawo wannan don rage darajar al-Maghili ba. Kano ta amfana da iliminsa, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma ya yi ta kafa hujja da rubuce-rubucensa. Abin lura shi ne tun a wancan zamani akwai alƙalai biyu Musulmi da suka tsaya suka ce ba a hukunta jama'a da laifin da ba a tabbatar a kan kowannensu ba. A daidai wannan lokaci kuma, a 1492, sarakunan Kirista na Sifen suka kori Yahudawa daga ƙasarsu, Sarkin Daular Usmaniyya Bayazid na Biyu ya buɗe musu ƙofa. Zaman Yahudawa a ƙasashen Musulmi yana da lokutan wahala, kamar kisan da aka yi musu a Garnada a 1066, amma yana da dogon zaman amana, irin wanda ya ba malaminsu Musa bin Maimun damar zama likita a fadar Salahuddin a Alƙahira.

Inda ƙiyayyar ta yi jijiya sosai shi ne Turai. Coci ta daɗe tana koyar da cewa Yahudawa ne ke ɗauke da alhakin gicciye Almasihu kamar yadda Kiristoci suka yi imani, kuma sai a 1965 fadar Fafaroma ta janye wannan zargi a hukumance. A wurare da yawa an hana su mallakar gona, an hana su shiga ƙungiyoyin masu sana'a. Da yake coci ta haramta wa Kirista cin riba, sai aka tura wasunsu harkar ba da bashi, sarakuna na tatsar haraji daga gare su. Talaka yana ganin mai bin sa bashi, ba ya ganin sarkin da ke cin moriyar abin. A birnin York na Ingila a 1190, bayan an hallaka Yahudawan garin, masu tarzomar sun wuce babbar coci suka ƙone takardun bashin da ake bin su. Ingila ta kore su a 1290. Sarkin Faransa ya kore su a 1306, ya ƙwace dukiyarsu, ya ci gaba da karɓar bashin da suke bi.

Sai kuma ƙage. A Norwich a 1144 aka tsinci gawar wani yaro, daga baya aka ce Yahudawa ne suka kashe shi don tsafi, ƙaryar ta yi ta yawo shekaru ɗaruruwa. Da annoba ta afka wa Turai a 1348 aka ce su suka zuba guba a rijiyoyi. Fafaroma na lokacin, Clement na Shida, ya ja hankalin mutane cewa ai Yahudawan ma annobar na kashe su, amma ba a saurare shi ba. A Strasbourg a watan Fabrairu 1349 aka ƙone ɗaruruwansu, aka soke bashin da suke bi.

A ƙarni na 19 abin ya tashi daga addini ya koma jini: ko Bayahude ya bar addininsa, ana cewa jininsa ne matsala. A 1903 aka buga wani littafi a Rasha, "Protocols of the Elders of Zion", wai bayanan taron sirri ne na Yahudawa kan yadda za su mallake duniya. A 1921 jaridar The Times ta Landan ta nuna cewa jabu ne, an kwafo shi daga littafin wani Bafaranshe, Maurice Joly, na 1864, wanda ya rubuta don sukar sarkin Faransa, babu ruwansa da Yahudawa. Duk da haka 'yan Nazi sun yi amfani da shi, kuma kafin 1945 gwamnatin Hitler ta kashe Yahudawa kimanin miliyan 6. An fassara littafin zuwa Larabci, ya bazu, kuma mafi yawan maganganun "su ke juya duniya" da ke zuwa mana a waya daga nan tushensu yake. Kayan Turai ne muke tallatawa da bakinmu.

Mun san wani zai ce: to Falasɗinu fa? Haƙiƙa an raba Falasɗinawa kimanin dubu 700 da gidajensu a 1948, kuma abin da muka gani a Gaza ya isa ya sa kowane mai imani kuka. Sukar gwamnatin Isra'ila da sojojinta haƙƙinmu ne. Sai dai fiye da rabin Yahudawan duniya ba a Isra'ila suke zaune ba, kuma akwai Yahudawa da suka fito zanga-zanga a New York suna adawa da yaƙin. Manzon Allah (SAW) ya yi yaƙi da ƙabilun Yahudawan Madina a kan karya alkawari, amma ya rasu sulkensa na jingine a wurin wani Bayahude, kuma an ruwaito ya miƙe tsaye da aka wuce da gawar wani daga cikinsu. A Suratul Ma'ida an gargaɗe mu kada ƙin wasu mutane ya hana mu yin adalci.

Abin da ya sa wannan ya shafe mu shi ne mu ma fatake ne. Dabbobin kasuwar Potiskum har kudu suke kaiwa, direbobinmu da 'yan uwanmu suna zaune a Sabo da Zango na garuruwan mutane, 'yan tsiraru, ana gane su da gani. A watan Nuwamba 1969, da tattalin arzikin Ghana ya taɓu, gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar, Hausawa da dama suka bar abin da suka tara. A Uromi ta Jihar Edo, a watan Maris 2025, an kashe mafarauta 16 da ke hanyar komawa Kano bayan an yi musu ihun masu garkuwa da mutane, ba tare da an kai su gaban alƙali ba. Mu ma ba mu tsira daga wannan laifi ba: an kashe Inyamurai da yawa a Arewa a 1966, kuma Najeriya ta kori 'yan Ghana a 1983. Hanyar ɗaya ce a ko'ina: wahala ta zo, a nemi baƙo, a ce duk halinsu ɗaya.

Don haka muna roƙon 'yan uwa abu biyu. Duk saƙon da ya ɗora wa wata al'umma gaba ɗaya laifin tsadar masara ko wata cuta, mu tambayi wanda ya turo: wa ya aikata, a ina, yaushe? In babu amsa, kada mu tura gaba. Na biyu, mu daina zagin mutum da sunan ƙabila ko addinin wasu, domin yaranmu na ji, kuma akwai garuruwan da "Bahaushe" ne kalmar zagin.

Allah ya ba mu ikon yin adalci ga wanda muke so da wanda ba ma so. Wanda ke da gyara ko ƙari, ƙofa a buɗe take.

Sakataren Ƙungiya, Potiskum.