Ciwon Edo: Yadda Farar Shinkafa Ta Kwantar da Mutanen Tokiyo

A ƙarni na 18, birnin da ake kira Tokiyo a yau sunansa Edo, kuma mutanen cikinsa sun kai miliyan ɗaya. Garin ba ya rasa abinci mai kyau. Tun da asuba masu talla ke ratsa lunguna da sanda a kafaɗa, kwando gaba kwando baya. Wannan ya ɗauko ɗanyen kifi daga kasuwar gindin gadar Nihonbashi, wancan yana tallar awara, na bayansa kuma ganye ne daga Komatsugawa ko daikon na Nerima, wani farin tushe mai siffar karas amma ya fi shi girma nesa ba kusa ba. Manoman kewayen birni har sayen bayan gidan mutanen gari suke yi su zuba a gona, su dawo musu da kayan lambu. Duk da haka wannan birni ne ya yi ƙaurin suna da wata cuta da ta ɗauki sunansa.

Tun daga 1635 doka ta wajabta wa sarakunan larduna su riƙa yin shekara guda a Edo, kusa da shogun, wato jagoran mulkin soja na gidan Tokugawa, sannan su yi shekara guda a gida. Kowane sarki da baradensa yake zuwa. Barde zai iso da ƙarfinsa, bayan 'yan watanni sai ƙafafu su yi masa nauyi, su mutu, ko an mintsine shi ba ya ji sosai. Sai kumburi, irin wanda in ka danna yatsa a ƙauri ramin zai zauna. Wani kuma cutar zuciya take kama masa: numfashi sama-sama, ƙirji na bugawa, cikin 'yan kwanaki a ɗauki gawa. Abin da ya ɗaure wa kowa kai shi ne, da marar lafiya ya kama hanyar garinsu, sauƙi ya fara samuwa. Jama'a suka ce ciwon Edo ne, likitocinsu suna kiransa kakke, duniya kuma ta san shi da beriberi. An zargi danshin ƙasa, an zargi iska da ruwan sha. Kwanon abinci kuwa ba kowa ya kalle shi ba.

A Japan ta wancan zamani shinkafa ita ce haraji, ita ce albashi. Da ita ake auna arzikin sarki, da wani ma'auni da ake ce wa koku, kimanin lita 180. Jiragen ruwa na sauke ta a rumbunan gwamnati da ke Asakusa, a biya barade, su kuma su sayar da rarar ta shiga kasuwa. Manomin da ya noma ta a ƙauye ba kasafai yake cin ta zalla ba, sai dai ya gauraya da sha'ir da nau'o'in gero da ganye. Ɗan birni kuwa, musamman daga ƙarshen ƙarni na 17, ya samu abin da a da sai gidan sarauta: shinkafar da aka surfe tas, fara fat. A cikin dusar nan da ake zubarwa, da ɗan idon ƙwayar, bitamin B1 yake, wanda in babu shi jijiyoyi da zuciya ba sa iya cin moriyar abincin da aka ci.

Magidanci a Edo yakan dafa shinkafar yini tun da safe. A ci da zafinta da ɗan romon miso, da rana a ci da sanyinta, da dare a zuba mata ruwan shayi a haɗa da tsimammen daikon. Namiji mai aikin ƙarfi yana iya tashi da kusan giram 750 na ɗanyar shinkafa a yini, mahaɗin kuma ɗan lasa ne kawai. Kifin na wucewa ta ƙofar gida, amma kuɗin sun tafi wajen farar shinkafa, domin ita ce shaidar cewa kai ɗan Edo ne. Wannan ne ya fi taɓa ni a tarihin nan. Ciwon yunwa ne ya kama mutanen da cikinsu ke cike, kuma abin da suke tinƙaho da shi ne ya jawo musu.

Wasu sun tsira ba tare da sanin dalili ba. Taliyar soba, da mutanen Edo ke so ƙwarai, tana ɗauke da bitamin ɗin. Haka kayan lambun da ake binnewa cikin dusar shinkafa da gishiri su tsima, suna tsotso shi daga dusar. Masu maganin gargajiya kuma sun daɗe suna ba marar lafiya sha'ir da jan wake. Manya ne ma suka fi shiga haɗari, tun da shinkafarsu ta fi ta kowa fari. Shogun Iemochi ya rasu a Osaka a 1866 yana da shekara 20, matarsa Gimbiya Kazunomiya ta bi shi a 1877 a Hakone, inda ta je jinya, duka da wannan ciwo.

Bayan juyin 1868, lokacin da mulki ya koma hannun Sarki Meiji aka sauya wa Edo suna, sabuwar gwamnati ta kafa rundunar zamani, ta ɗebo 'ya'yan manoma ta ba kowannensu kimanin giram 900 na farar shinkafa kullum. Ga yaron ƙauye wannan gata ne babba. Ciwon birni ya koma ciwon bariki.

Wanda ya fara kama bakin zaren wani likitan sojan ruwa ne, Takaki Kanehiro, da ya yi karatu a asibitin St Thomas da ke Landan daga 1875 zuwa 1880. Ya lura hafsoshi ba su cika kwanciya ba, ƙananan ma'aikatan jirgi ne ke zubewa, su da ke matse kuɗin abincinsu su aika gida, su cika ciki da shinkafa. A ƙarshen 1882 jirgin horo Ryujo ya tashi zuwa Niyuzilan da Cile da Peru da Hawai da mutum 376. Mutum 169 suka kamu, 25 suka mutu. Takaki ya dage har aka amince a 1884 jirgin Tsukuba ya bi kusan wannan hanya, amma da nama da madara da burodi a cikin guzuri. Ba wanda ciwon ya kashe, 'yan kaɗan ɗin da suka kamu ma akasari waɗanda suka ƙi cin sabon abincin ne. Da matuƙan suka nuna ba sa son burodi, sai aka koma gauraya musu sha'ir cikin shinkafa, cikin 'yan shekaru cutar ta kusa ɓacewa daga rundunar ruwa. Bayanin Takaki bai yi daidai ba, shi a zatonsa ƙarancin furotin ne. Amma mutanensa sun daina mutuwa.

Manyan likitocin sojan ƙasa suka ƙi. Su ilimin Jamus suka bi, a lokacin da ake gano ƙwayoyin cuta ɗaya bayan ɗaya, suka tsaya kan cewa wannan ma ƙwaya ce ke kawo ta. Cikinsu har da Mori Rintaro, wanda duniyar adabi ta sani da Mori Ogai. Suka ce Takaki bai kawo hujjar ɗakin gwaji ba. A yaƙin Japan da Rasha na 1904 zuwa 1905 sojojin ƙasa kimanin 250,000 suka kamu, fiye da 27,000 suka mutu, alhali rundunar ruwa kusan lafiya lau ta fita. Ni ban ga uzurin da za a yi wa waɗannan masana ba. Shekara ashirin sakamakon yana gabansu, kuma buhun sha'ir bai fi ƙarfin baitulmali ba.

A 1910 masanin kimiyyar noma Suzuki Umetaro ya tato wani sinadari mai maganin ciwon daga dusar shinkafa, daga baya ya sa masa suna oryzanin, likitoci da yawa suka yi biris da shi. Injin casa kuma ya sa farar shinkafa ta yi araha har ga talaka, shi ya sa mace-macen suka kai ƙololuwa a 1923, mutum sama da 26,000 a shekara guda. A nan ya kamata mu jinjina wa matan Kura da na Kabi masu turara shanshera kafin a kai ta inji. Turarawar na tura bitamin ɗin daga dusa zuwa cikin ƙwayar, don haka shinkafarsu mai ɗan duhun nan ta fi fara tas amfani a jiki, ko da mai saye ya yatsina fuska.

Japan ba ta rabu da ciwon sosai ba sai bayan yaƙin duniya na biyu, da ƙwayoyin bitamin irin su Alinamin suka shiga kasuwa a shekarun 1950, abinci kuma ya yawaita iri-iri. A shekarun 1970 ya sake leƙowa tsakanin samarin da ke rayuwa kan taliyar leda da lemon kwalba. Yau a Tokiyo mai sayar da shinkafa yakan tambaye ka iya surfen da kake so, rabi ko kashi bakwai cikin goma ko kuma a bar ta da dusarta, makarantu da dama kuma suna dafa wa yara shinkafa gauraye da sha'ir a abincin rana.