Daga Ƙwarya Zuwa Kabad: Tarihin Jeren Ɗaki a Kankia da Kusada

Zancenmu na yau na ɗaki ne, wato yadda jere ya faro a ƙasar Kankia da Kusada da kuma inda ya kawo mu. Na haɗa su biyun ne don asali ƙaramar hukuma ɗaya ce, sai a 1996 aka ware Kusada, kuma har gobe biki ɗaya muke yi.

A zamanin kakanninmu, adon ɗaki daga ƙasa yake farawa. Namiji ya yi gini ya yi yaɓe, amma daɓe aikin mata ne. Sai a gayyato maƙwabta, a baza tsakuwa, a yayyafa ruwa, kowacce ta ɗauki madaɓi ana bugu ana waƙa. In ya kwanta sai a bi shi da ruwan makuba, wato ɓawon ɗorawa da aka jiƙa, ƙasan ta yi duhu, ta yi ƙarfi, ba ta tayar da ƙura. Bango kuma a shafe shi da farar ƙasa. Daga nan 'yan jere su shigo: ƙore manya a ƙasa, ƙanana a kansu, a rufe da fayafayi masu launi, wasu a rataye a ragaya, ga akushi, ga tabarmi. Tasa kuwa sai 'yar masu hali.

Kwano baƙo ne. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kantunan Turawa irin su John Holt, daga baya UAC, suka riƙa shigo da kwanuka masu fenti, kuɗin gyaɗa da auduga kuma suka shiga hannun talaka. Da yake hanyar Kano zuwa Katsina ta ratsa Kankia, kayan ba su sha wahalar iso mu ba. Wajen shekarun 1960 'yan kasuwar Hong Kong suka kafa masana'antun kwano a Nijeriya, har da Kano, sai kwano ya wadata. Nan langa da samira da fanteka da kumbo suka ture ƙwarya, jere ya tashi daga ƙasa har ya kusa taɓa rufi.

To, ki tambayi Hajiya ko Inna: kwanukan nan ana cin abinci a cikinsu? Ina! Sai dai a sauke, a goge, a mayar. Wasu na ganin wannan almubazzaranci ne, ni kuwa ban yarda ba. Jeren nan shi ne bankin matar da ba ta fita. Nata ne halak malak, miji ba shi da iko a kai, in aure ya mutu da abinta take tafiya. In rashin lafiya ta zo, ko shekara ta yi tsanani kamar farin 1973 da na 1984, sai ta zare saiti ɗaya ta miƙa wa dillaliya, ba wanda ya ji. In 'yarta ta isa aure, daga bangon nan za a fara haɗa mata nata. Wata masaniyar tarihi 'yar Amurka, Barbara Cooper, ta yi nazarin aure a Maraɗi, littafinta ya fito a 1997, ta kuma nuna yadda kayan ɗaki ke bayyana darajar amarya da yawan matan da suka tsaya mata. Haka abin yake a nan: kowane kwano gudummawar wata ce, biki ne da za a rama.

Kuɗin Udoji da aka biya ma'aikata a 1975 suka ƙara yayata gadon ƙarfe mai rumfa, katifa, leda da kabad mai gilashi cike da tangaran. Bayan 1986, da aka karya darajar naira, kaya suka yi tsada, amma buri bai ragu ba. Yanzu maganar saitin gado ake yi, da wadirof, madubi, kujeru, ga kicin shi ma da nasa jeren.

Abin da ke damuna shi ne, yawancin kayan yanzu ba sa ajiye kuɗi. Katakon nan na dusa da aka matse, ruwa kaɗan ya taɓa shi sai ya kumbura, in aka kwance shi sau biyu ya gama yawo. Uba ya sayar da gona, uwa ta ci bashin adashi, yarinya ta yi ta zaman jiran kaya, bayan 'yan shekaru kuma dillaliya ta zo ta taya a wulaƙance.

Don haka in za ki yi wa 'yarki kaya, ki sa a auno ɗakin tukuna kafin a je wurin kafinta. Sau nawa muka ga wadirof ya toshe taga, amarya na fama da zafin bazara? Ki zaɓi katako na gaske ko da guda biyu ne, a ɗaga ƙafafunsa daga ƙasa, a janye shi kaɗan daga bango saboda gara da danshin damina. Fenti mai haske da labule mara nauyi kan sa ƙaramin ɗaki ya yi kamar ya ƙara faɗi. Abin da ya rage na kuɗin, a saya mata 'yan kunnen zinari, keken ɗinki ko akuya, su ne za su yi mata aikin da samira ta yi wa kakarta.

Ke kuma mai 'yar sana'a a gida, hannun jeren nan shi za ki kai wa hajarki. Ki sa kanta kusa da ƙofa yadda yaran da aka aiko ba sai sun shigo miki tsakar ɗaki ba. Masu nauyi a ƙasa, ƙanana a sama, abin da aka fi saye a daidai ido. Sabulu da omo ki raba su da sukari da gari, don ƙamshinsu na kama abinci, kalanzir kuma kada ya kwana inda ake hura wuta.

Sai Allah Ya kai mu mako mai zuwa. A gaida yara, a gaida maigida.